Yadda Ake Neman Fatent Na Batir Marar Ruwa, Daga Matse Gari Har Zuwa Amsa Kwirin Mai Tantancewa

Tun ranar da na yi bayanin batir ɗin nan marar ruwa a wani zama da ɗalibai wayata ba ta huta ba. Masu karatun kemistiri da injiniya daga nan Katsina, daga Dutsin-Ma, har da wasu daga Daura, kowa tambayarsa ɗaya ce, wai Malam in mutum ya gano wata sabuwar dabarar haɗa shi ya zai yi mata rajista kar wani ya kwashe masa wahala. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, bari in jera ta gaba ɗaya kowa ya ɗauki nasa.

Fatent dai ita ce takardar haƙƙin mallakar ƙirƙira, gwamnati ke bayarwa, tana hana kowa ƙera abin ko sayar da shi a cikin ƙasar ba da izininka ba har shekara 20 daga ranar da ka shigar da takardunka. Shi kuma batir ɗin, maimakon ruwan da ke cikin batirin waya, gari ne hawa uku, garin katod (ɓangaren mai alamar +), garin elektirolait a tsakiya wanda caji ke ratsawa ta cikinsa, sai na anod (ɓangaren mai alamar -), a zuba su cikin ƙoƙon ƙarfe a danne da inji har su zama abu ɗaya kamar dunƙulen magi. To a wannan dannewar duk rigimar take, kuma a nan mai tantancewa, wato jami'in ofishin fatent da ke duba takardunka, zai kama ka ko ya sake ka.

1. Kama bakinka tukuna

Sharaɗin farko shi ne abin ya zama sabo, wato ba a taɓa bayyana shi a fili ba kafin ranar da ka shigar, kuma ko kai ne da kanka ka bayyana an gama da shi. Wani yaro da ya zo min bara, haziƙi ne wallahi, ya same ni a ƙofar gida bayan la'asar da murnarsa ya buɗe waya yana nuna min bidiyon da ya saka a Facebook wata huɗu da suka wuce, yana riƙe da dunƙulen cikin ƴar kwalba yana lissafo yawan garin da ƙarfin matsin ɗaya bayan ɗaya, mutane na ta zuba masa Masha Allah. Na ce masa ƙanena ai ka riga ka raba wa duniya kyauta. Shiru ya yi, ya kife wayar a kan tabarma.

Gargaɗi: kundin digiri da aka ajiye a laburare, takardar taron ƙara wa juna sani, mujalla, hira da gidan rediyo, duk bayyanawa ne. Dokarmu ta fatent ta 1970 rangwame ɗaya ta yi, in ka nuna abin a baje-kolin ƙasa da ƙasa wanda hukuma ta amince da shi cikin wata 6 kafin ka shigar. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa ta shekara 1. Ofishin fatent na Turai kuwa bidiyo irin wancan ya ishe shi ya kore ka.

Sannan ka tabbatar abin naka ne. In a bakin aikinka ka gano shi, dokar nan ta ce haƙƙin na wanda ya ɗauke ka aiki ne, kai dai sunanka zai fito a matsayin wanda ya ƙirƙira. Ɗalibi ya je ya tambayi tsarin makarantarsa, wanda kuma ya yi gwajin a ɗakin binciken wata jami'a a waje ya sake karanta takardar da ya sa wa hannu ranar da ya isa, da yawa ba sa karantawa.

2. Littafin awo, nan ne aikin yake

Abin da ba ka auna ka rubuta ba kafin ranar shigarwa ba za a bari ka cusa shi daga baya ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka samu littafi mai ɗinkakken bango, kowane shafi da kwanan wata.

Kayan aiki: ƙoƙon matsa gari, yawanci mai faɗin milimita 10 ko 13, injin matsi irin mai jak, sikeli mai auna miligiram, maikuromita na auna kauri, na'urar auna turjiyar lantarki, sai akwatin nan mai safar hannu da ake cika wa iskar agon, in dai garin elektirolait ɗinka na dangin salfaid ne kamar Li6PS5Cl. Dangin oksaid kamar LLZO matsi kaɗai ba ya haɗe shi, sai an gasa shi a wuta mai zafin sama da digiri 1,000, shi ya sa yawancin masu matsawa a sanyi salfaid suke amfani da shi don ya fi taushi.

Gargaɗi: garin salfaid in ya haɗu da danshin iska yana fitar da iskar H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, guba ce tana kisa, kuma in ta yi yawa hanci ma daina jinta yake. Kar wanda ya ce ai lokacin hunturu ne Katsina a bushe take bari in buɗe a kan tebur. Bushewar da ke fasa mana leɓe ba ta kai bushewar da garin nan ke so ba, balle watan Agusta.

Yanzu ga kuskuren da na fi gani. Mutum zai rubuta "na matsa da tan 3". Tan 3 a kan wane faɗi? A ƙoƙo mai milimita 10 tan 3 ya kama kusan megafaskal 375, amma a ƙoƙo mai milimita 13 tan 3 ɗin nan dai kusan 222 ne kawai, ka ga bambancin ba kaɗan ba. Duk takardun da za a gwada naka da su da megafaskal suke magana, MPa kenan, to kai ma rubuta da shi ka faɗi faɗin ƙoƙon. Kuma matsi iri biyu ne kar ka cakuɗa su, akwai na lokacin ƙera dunƙulen wanda ke kai ɗaruruwan MPa, akwai wanda ake ɗaure batir ɗin da shi yayin da yake aiki wanda ya fi wancan ƙanƙanta sosai. Na taɓa karanta wani daftari sau uku ban gane wanne ake nufi ba, shi ma mai daftarin da na kira shi sai da ya yi ta in-ina.

Sauran abin da za ka rubuta a kowane gwaji: wane hawa ka fara matsawa, da ƙarfi nawa, minti nawa, a sanyi ko da ɗumi, nauyin garin kowane hawa, kaurinsa bayan matsi, girman ƙwayar garin, kashi nawa cikin ɗari dunƙulen ya cike da kuma lambar da ka raba da ita ka samu hakan, ko ka lulluɓe garin katod da wani abu kamar LiNbO3. Zafin ɗaki ma ka rubuta, domin elektirolait ya fi gudu da zafi, wanda ya auna da rana tsaka a watan Afrilu an ɗauke wuta ba fanka ba zai gwada lambarsa da ta wanda ya auna a digiri 25 ba.

Abu mafi tsada a littafin nan shi ne gwajin da bai yi kyau ba. In kana ganin daɗin abin yana tsakanin matsin 300 da 400 MPa, to yi a 200, yi a 250, yi a 450 da 500, ka ajiye sakamakon ko da dunƙulen ya tsage ne. Ɗalibai suna yaga waɗannan shafukan don kunya, alhali su ne za su cece ka a mataki na 7.

3. Bincika ko an riga ka

Wannan kyauta ne, kuɗin data kawai. Espacenet na ofishin Turai, Patentscope na WIPO, hukumar haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, Google Patents, da J-PlatPat na Japan. Kar ka tsaya ga rubuta kalmomi, yi amfani da lambar aji, wato lambar da ake rarraba fatent da ita bisa fanni: H01M 10/0562 ta elektirolait busasshe irin na salfaid da oksaid, H01M 10/0585 ta batir mai hawa-hawa a shimfiɗe, H01M 4/043 ta haɗa katod ko anod ta hanyar matsi. Haɗa biyu a bincike ɗaya sai tarin ya ragu.

Ka shirya zuciyarka, gonar nan an daɗe ana nomanta. Toyota kaɗai tana da fatent sama da 1,000 a kan batir marar ruwa, ga Panasonic, ga Idemitsu, ga Samsung. LLZO tun 2007 aka wallafa shi, shi kuma LGPS, wani elektirolait na dangin salfaid, ayarin Farfesa Kanno na Tokyo suka fitar da shi a 2011. Saboda haka "na matsa gari hawa uku ya ba da wuta" ba ƙirƙira ba ce. Ƙirƙira sai dai a ɗan wuri, misali tsarin da ka bi wajen jera matsin, ko wani siririn hawa da ka saka tsakanin katod da elektirolait wanda ya hana tsagewa. Ware takardu biyar ko goma da suka fi kusa da naka, ka karanta misalansu na gwaji da teburorinsu, ba taƙaitaccen bayanin sama kaɗai ba. Na Japananci akwai fassarar inji a wurin, tana da gargada amma lambobi ba sa sauyawa.

4. Rubuta bayani da da'awa

Da Turanci ake shigarwa. Kashi uku ne, cikakken bayani wanda wani masani zai karanta ya maimaita aikin ba sai ya kira ka ba, zane mai nuna kowane hawa da lamba, sai da'awa, wato jimlolin ƙarshe masu lamba 1, 2, 3 da ke shata iyakar abin da kake cewa naka ne. Da'awa ita ce iyakar gonar, sauran duk labari ne.

Gargaɗi: kar ka siffanta batir ɗin da hanyar yin sa kaɗai, kamar ka ce "batir wanda aka matsa da 350 MPa". A Amurka tun shari'ar Thorpe ta 1985 ƙa'idar a fili take, abin da aka ƙera ake dubawa ba hanyar ƙera shi ba, in wani tsohon batir ya yi kama da naka an ƙi ka ko da shi ta wata hanya aka yi shi. Turai ma kusan haka ne. Mafita ita ce ka rubuta iri biyu, ɗaya ta batir ɗin kansa da abin da za a iya aunawa a jikinsa, kauri, yawan gurbin iska, girman ƙwaya, ɗaya kuma ta hanyar haɗawa mataki-mataki.

Kowace lamba ka ba ta zango cikin zango a cikin bayanin, misali 250 zuwa 450, an fi so 300 zuwa 400, mafi kyau 340 zuwa 360. Wannan wurin ja da baya kake tanadar wa kanka, in an kore ka daga babban fili ka koma ƙarami. Kalmomi irin "matsi mai ƙarfi" ko "siriri sosai" ka cire su. Duk lambar da ka saka kuma ka faɗi da wace na'ura da wace hanya aka auna ta. Ni a ganina a nan ne ya kamata ka kashe kuɗin lauya, kuma wanda ya taɓa rubuta fatent, ba lauyan da ya yi maka takardar fili ba.

5. Shigarwa a Abuja

Ofishin rajistar tambarin kasuwanci da fatent yana ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya. Za ka kai fom, bayani, da'awa, zane, adireshinka a Najeriya, takardar wakilci in lauya ne zai shigar maka, da shaidar biyan kuɗi. Ƙirƙira ɗaya, fayil ɗaya. Malaman jami'a da masu bincike su fara tuntuɓar hukumar NOTAP, tana taimaka wa ƴan ƙasa wajen shigar da fatent kuma ta buɗe ofisoshin haƙƙin mallakar fasaha a manyan makarantu da dama. Takardar da ke ɗauke da lambar fayil da kwanan wata ka adana ta kamar takardar gida, wannan ranar ita ce ranar kama layinka a duniya.

Gargaɗi, kuma dan Allah a ji wannan da kyau: a Najeriya ba a bincika ko abinka sabo ne. Dokar cewa ta yi magatakarda ya duba ko takardu sun cika, in sun cika ya bayar, kuma ana bayarwa ne ba tare da lamunin ingancinta ba. Kenan satifiket ɗin da ake ɗaukar hoto da shi ana yaɗawa bai nuna an tantance komai ba, gobe wani zai iya zuwa Babbar Kotun Tarayya ya kawo wata tsohuwar takardar Japan a soke shi. Sannan ƙarfinsa a boda yake tsayawa, kana tsallake Jibiya ko Kongolam ya zama takarda kawai, domin Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar fatent ta haɗin gwiwa mai ƙasashe 17 da hedikwata a Yawunde, ita kuwa Najeriya ba ta ciki.

6. Wata 12, sai ka yanke shawara

Daga ranar kama layi kana da wata 12 cif ka shigar a waje ba tare da ka rasa layinka ba. Hanya mafi sauƙi ita ce PCT, yarjejeniyar fatent ta ƙasa da ƙasa, wadda Najeriya ta shiga a 2005, fayil ɗaya ta hannun WIPO a Janeba, yana riƙe maka wuri a ƙasashe sama da 150. Kuɗin shigarwa faran 1,330 ne na Suwizalan in bai wuce shafi 30 ba, amma ɗan Najeriya mazaunin Najeriya da ya shigar da sunan kansa ana yafe masa kashi 90, saura 133 kenan. In da sunan kamfani ne ko jami'a wannan rangwamen babu. Sai kuɗin bincike, in ofishin Turai ne zai yi ya haura Yuro 1,800, shi ma yana rage kashi 75 ga ɗaiɗaikun mutane daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu. Ka nemi kwafin fayil ɗinka na Abuja mai hatimi da wuri, ana buƙatarsa kafin wata 16 ya cika.

Wajen wata na 16 rahoton bincike zai iso, a nan ne karon farko da wani masani zai duba abinka da gaske. Kowace takardar da ya samo da harafi a gefenta. X na nufin ita kaɗai ta isa ta kayar da da'awarka, Y sai an haɗa ta da wata, A kuwa maƙwabciya ce kawai ba ta cutar da kai. A wata na 18 za a wallafa fayil ɗin kowa ya gani. A wata na 30 dole ka zaɓi ƙasashe ka biya kowacce daban, Turai 31 ne. In rahoton ya dawo X daga sama har ƙasa kuma ba ka da wurin ja da baya, gaskiya ka tsaya a nan, domin daga nan ne ake fara biyan lauyoyin waje da masu fassara da dala.

7. Amsa kwiri

A waje kusan ba wanda ake ba fatent a karon farko, takardar ƙi ce ke fara zuwa, kar gabanka ya faɗi. Amurka wata 3 take bayarwa, ana iya ƙarawa zuwa 6 da biyan kuɗi, Turai yawanci wata 4. Japan ma ba za ta duba ba sai ka nema, kuma cikin shekara 3. Rubuta ranar a bango.

A harkar matsattsen gari ƙorafin kusan iri huɗu ne. Na farko ya ce batir da hanyar haɗa shi ƙirƙira biyu ce zaɓi ɗaya, wannan mai sauƙi ne, ka zaɓa, ɗayar ka shigar da ita daban in da hali. Na biyu ya ce lambarka ba a fayyace ta ba, gurbin iska kashi kaza da me aka auna, sai ka nuna masa sakin layin da ka faɗa, in ba ka faɗa ba to ka shiga uku.

Na uku shi ne babba, zango ya hau kan zango. Kai ka ce 300 zuwa 400, shi ya kawo tsohuwar takarda mai cewa 100 zuwa 600, ya ce duk masani zai yi ta gwadawa har ya faɗo kan naka, ba wata basira a ciki. Rantsuwa ba ta aiki a nan, cewa ka sha wahala ma ba ta aiki. Abin da ke aiki shi ne teburin nan na mataki na 2, ka nuna masa a 250 turjiya ta yi yawa, a 450 ƙwayoyin katod sun farfashe batir ya mutu da wuri, amma a tsakani wani abu ya faru da ba wanda zai yi tsammani. Kuma bambancin ya zama tsalle ne, ba hawa a hankali ba, don in a hankali yake hawa zai ce ai dama an sani ƙarin matsi na ƙara cikewa.

Na huɗu ya ce tunda gari iri ɗaya ne kuma matsi kusan ɗaya, to tsohon batir ɗin ma dole yana da siffar da kake taƙama da ita ko da ba su rubuta ba. Nan nauyi ya dawo kanka, sai ka maimaita misalin wancan takardar da hannunka ka auna ka nuna ba haka ba ne. Amurka tana karɓar irin wannan sakamakon a rubutacciyar shaida ko bayan shigarwa ne.

Gargaɗi: kawo sabon sakamako a matsayin hujja daban, cusa sabuwar lamba cikin da'awa daban. In 320 zuwa 380 ba ya cikin takardarka ta farko ba za ka ƙirƙiro shi yanzu ba, Turai ta fi kowa tsanani a nan, ko an ba ka ana iya soke fatent ɗin daga baya saboda wannan kaɗai. Kuma duk abin da ka rubuta a amsa yana nan a fayil kowa na iya karantawa, in ka ce naka bai shafi matsi da ɗumi ba don ka tsira yau, gobe ba ka da bakin kama mai matsawa da ɗumi. A Amurka ana iya neman ganawa da mai tantancewa ta bidiyo, ofishin ba ya cajin komai a kai sai dai lokacin lauyanka, sau da yawa hirar rabin awa ta fi shafi goma.

8. Bayan an bayar

A Najeriya kuɗin sabuntawa duk shekara ne, in ka makara akwai wata 6 na alfarma tare da tara, in ya wuce fatent ta faɗi. Amurka sau uku ake biya, a shekara 3 da rabi, 7 da rabi, da 11 da rabi bayan an bayar. Turai tun fayil na kan layi ake fara biya daga shekara ta uku. Ka saka ranakun a waya da kuma littafin awon nan, sannan in ka sauya lamba ko adireshi ka sanar da lauyanka a ranar, don takardun ofis wajensa suke zuwa ba wajenka ba.